Hutun bazara ya zo, ga takarda a kan teburina ban sa mata hannu ba

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya yara? Ka gaishe min da Baba da Inna, ka ce su ci gaba da sa mu a addu'a. Saƙonka ya same ni tun makonni uku da suka wuce, kuma da gangan na ƙi amsa shi ta waya, domin maganar da ka tsokano ba ta layi biyu ba ce. Wai kana taya ni murna, mu malaman Amurka mun ci ribar zama, wata uku muna kwance ana zuba mana dala. Na yi dariya har sai da mai ɗakina ta leƙo ta ga ko lafiya.

Bari in fara gyara maka lissafi, tun da shi nake koyarwa. A yawancin jihohin nan shekarar karatu kwana 180 ce ko kusa da haka, hutun bazara kuma bai fi mako goma ba. Albashin da ake ba mu na wata goma ne. In ka nemi a raba maka shi gida goma sha biyu za a raba, amma kuɗinka ne ake datse maka a ajiye, ba kyauta ba. Wanda bai nemi hakan ba kuwa, daga ƙarshen Yuni sai ya ɗaure ciki har Satumba. Shi ya sa in ka hau Uber a watan Yuli, kada ka yi mamaki in direban ya ce maka malamin kimiyya ne. Wata abokiyar aikina, mai digiri na biyu, shago take tsarewa duk bazara, kuma ba ta ɓoyewa.

Ni nawa shirin bai da yawa. Na karɓi darasin bazara na mako huɗu, safe zuwa azahar, don yaran da suka faɗi lissafi, ana biya da awa. Akwai bita ta kwana biyar a watan Agusta wadda ba a tambayi ra'ayin kowa a kanta ba. Abin da ya rage zan kai yara ɗakin karatu da bakin tafki, in yi barci, in je wajen likitan haƙori da nake ta ɗagawa tun Janairu. Ka ga hutun ya ƙare ke nan.

Abin da ya hana ni sakewa daban ne. Ranar da aka rufe makaranta, bayan yara sun watse, muka shiga kwashe kaya: a cire hotuna daga bango, a ƙirga littattafai, a miƙa makulli. A wannan rana tambaya ɗaya ce ke yawo a baranda, kowa na yi wa kowa ita ƙasa-ƙasa: za ka dawo? Bana mutum shida ba za su dawo ba, cikin malamai talatin da 'yan kai. Ɗaya ta yi ritaya, wannan ba komai. Uku sun samu gurbi a makarantun bayan gari, biyu sun bar koyarwa ɗungurungum. Bara ma kusan haka aka yi. Wani masani a Jami'ar Pensilbeniya, Richard Ingersoll, ya lissafa cewa kusan kashi 44 cikin 100 na sababbin malaman ƙasar nan suna barin aikin cikin shekara biyar ta farko, kuma makarantun talakawa na cikin birane su suka fi zubar da malamai. Ni ban buƙaci bincikensa ba, a ɗakin malamai nake ganin abin. Shekarata bakwai a wurin, amma yanzu ina cikin dattawan makaranta, har ana turo min sababbi in nuna musu hanya.

To ni ma ga tawa takardar. Wata makaranta a bayan gari, tafiyar minti arba'in a mota, ta ba ni aiki. Na je na gani, kuma gani ya kori ji. Yara ashirin da biyu a aji, inda ni nake fama da talatin da uku. Kowane ɗaki da na'urar sanyaya iska, ɗakin gwaje-gwaje cike da kaya, nas tana zaune kullum, albashi kuma ya ɗara nawa. Ita ma fa makarantar gwamnati ce, kamar tawa.

Na san za ka tambaya, gwamnati ɗaya, ya aka yi wannan bambanci? A nan ne abin yake da ban mamaki. Gwamnatin tarayya ba ita ke ɗaukar nauyin makarantu ba, abin da take bayarwa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma ba. Sauran jiha ce da ƙaramar hukuma, kuma kason ƙaramar hukuma yawanci daga harajin gidaje yake fitowa. Unguwar da gidajenta ke da tsada, makarantarta ta yi ƙiba, wadda gidajenta suka tsufa kuma ta rame. An kai maganar Kotun Ƙoli daga San Antoniyo ta jihar Teksas, a 1973 alƙalai biyar cikin tara suka ce tsarin bai saɓa wa kundin mulki ba. Shekara guda bayan nan, a shari'ar birnin Ditiroyit, kotun ta ce ba za a tilasta wa unguwannin bayan gari shiga shirin haɗa yaran fararen fata da baƙaƙe a makarantun birnin ba, sai in an tabbatar su ma da hannunsu a wariyar. Ka tuna kotun nan ce ta haramta wariyar launin fata a makarantu a 1954. Sai ya zamana mai hali ya kwashe iyalinsa ya tsallaka iyakar birni da harajinsa, ya bar wa birni waɗanda ba su da inda za su. Dokar da Shugaba Johnson ya sa wa hannu a 1965 tana turo ƙarin kuɗi ga makarantun talakawa, mu ma muna samu, kuma yana taimakawa. Don Allah kada in yi ƙarya, akwai biranen da ke kashe kuɗi mai yawa a kan kowane yaro, kamar Niyok. Sai dai yaron da ya kwana a gidan marasa galihu da wanda ya kwana a ɗakinsa shi kaɗai, ba kuɗi ɗaya ne zai kai su wuri ɗaya ba. A Niyok ɗin ma, shekara da shekaru ana ƙirga yara 'yan makaranta sama da 100,000 da ba su da matsuguni na dindindin.

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, bari in faɗa maka nawa. Gininmu ya girmi Baba. A makon ƙarshe na Yuni ajina da ke hawa na uku kamar tanda yake, fanka biyu na sayo da kuɗina, sai iska mai zafi suke kaɗawa. Da sanyi kuma wani lokaci abin ɗumama ɗaki ya ƙi tashi. Ba mu kaɗai ba ne: a Janairun 2018 duk ƙasar nan ta ga hotunan yaran Baltimo zaune a aji cikin rigunan sanyi da safar hannu. Fensir, takarda, alƙalamin allo, har da ɗan abin taɓawa don wanda ya zo da yunwa, yawanci daga aljihuna suke fita. A 2024, hukumar haraji ta yarda malami ya cire dala 300 a shekara daga kuɗin da za a yi masa haraji a kai saboda irin wannan sayayya. Ni kafin Oktoba na wuce nan.

Amma zafi da fensir ba su ne ke korar malami ba. Abin da ke cin rai shi ne kujerar da babu kowa a kai. A nan, yaron da ya yi fashin kashi ɗaya cikin goma na kwanakin karatu, wato kwana 18, ana sa shi a jerin masu yawan fashi, kuma tun bayan korona jerin ya yi tsawo. In ka bi sawu sai ka tarar yarinya tana rainon ƙannenta saboda uwar na aikin dare, ko an tashe su daga gidan haya sun koma can wani gefen gari, mota biyu za ta hau kafin ta iso. Lissafi kuma gini ne, wanda ya rasa makon da aka yi kashi-kashi ba zai gane na gaba ba. Ga shi in malami ɗaya bai zo ba, ba a samun na wucin gadi, sai a raba yaransa a sauran azuzuwa, ko a cinye maka awar da kake shirya darasi. Kuɗin tallafin korona da tarayya ta ba makarantu, kusan dala biliyan 190, shi ya ɗauko mana masu koyar da yara ɗaiɗai da mai ba su shawara. Wa'adinsa ya cika a Satumban 2024, mutanen kuma suka bi shi.

Duk da haka, in bazara ta matso sai a kawo jarrabawar jiha. Tun dokar da Shugaba Bush ya sa wa hannu a 2002, ana jarraba yara a karatu da lissafi kowace shekara daga aji uku zuwa aji takwas, kuma wadda ta maye gurbinta a 2015, zamanin Obama, ba ta soke wannan ba. Ban ƙi a auna ba. Abin da ke min ciwo shi ne yaro ya zo min aji bakwai yana lissafin aji huɗu, mu yi ta fama har ya kai na aji shida, takarda ta fito ta ce ya gaza, ni ma na gaza. A Shikago, shekarar 2013, an rufe makarantu kusan 50 a lokaci guda, akasarinsu a unguwannin baƙar fata, aka ce ba su da isassun ɗalibai. Kowane malamin birni yana sane da wannan labari.

Kana jin labarin yajin aikinmu kana cewa mun ƙoshi. Duba abin da aka nema. Malaman Los Anjalas sama da 30,000 da suka fita a Janairun 2019, da na Shikago da suka yi kwana 11 ba karatu a Oktoban shekarar, ban da albashi sun nemi a rage cunkoson aji, a sa nas da jami'in kula da walwalar yara a kowace makaranta. Ka ji fa, sai da aka rufe makarantu kafin a yi alkawarin nas.

Yanzu ga abin da ya sa ban sa hannu ba. Akwai wani yaro a ajina, ba zan faɗi sunansa ba, duk shekarar nan babu wanda ya ba ni wahala kamarsa. Sau huɗu na kira uwarsa. Bara malaman lissafi uku suka yi masa a shekara ɗaya. Ranar ƙarshe ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona ina tattara kaya, ya ce zai iya rantsuwa ba zan dawo ba. Na ce wa ya gaya maka? Ya ɗaga kafaɗa ya ce, “Duk wanda ya iya koyarwa tafiya yake yi.” Ya juya ya tafi abinsa. Ban san ko yabo ya yi min ko zagi ba. Bai kuma san takardar tana cikin jakata a lokacin ba.

Kuma ina tunaninsu a makonnin nan fiye da yadda nake so. Da yawansu abincin safe da na rana a makaranta suke ci kyauta, in an rufe sai wanda uwarsa ta san inda ake rabon na bazara. Abin da muka koya zai zube, Satumba mu sake ɗaukowa daga baya. A biranen nan kuma lokacin zafi ne harbe-harbe ke ƙaruwa. Duk ranar da aka koma, in ina kiran suna, sai na ga kowa ya amsa hankalina ke kwanciya.

Mai ɗakina ta ce in karɓa, kuma ba ta yi laifi ba. Ta ce ina dawowa gida kamar an yi min duka, 'ya'yana na cikina ba sa samun ko rabin haƙurin da nake kashewa a kan na mutane. Ta ce yaran bayan gari ma 'ya'yan mutane ne. Gaskiya ta faɗa. Akwai shirin tarayya da ke yafe wa malamin lissafi bashin karatu har dala 17,500 in ya yi shekara biyar a jere a makarantar talakawa, na cika nawa, babu abin da ya ɗaure ni. Na san waɗanda ranar da biyar ɗin ta cika suka fara neman canji, a da ina ganin laifinsu, yanzu na daina. Kuma ban ruɗi kaina ba, zamana ba zai gyara rufin gini ba, ba zai biya wa kowa kuɗin haya ba. Iyakarsa yaran aji bakwai su ga fuskar da suka sani in sun dawo. Ban san ko wannan ya isa mutum ya ƙi abin da na gani a can ba. Gaba kura, baya sayaki.

Sun ba ni zuwa Juma'ar makon gobe. Na yi istihara, zan sake yi. Kai ka san ni tun muna koyon aikin nan tare, ka san inda nake da taurin kai da inda nake yaudarar kaina, don haka kada ka rarrashe ni, ka faɗa min abin da ka gani. In rubutu zai yi maka tsawo ka kira ni, daga azahar ɗinmu ina gida.

Ka kuma ba ni labarin naka ajin, ka yi shiru a kai a saƙonka. Yaron nan da ka ce ba ya magana, ya fara buɗe baki kuwa? Mai ɗakina tana gaishe da uwargida, yara suna gaishe da baffansu.

Wassalam,
Naka amini.