Zuwa ga ɗana a Texas, a kan gasar cin abinci

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Babana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ina sanar da kai cewa kowa a gida lafiya ƙalau, Abbanka yana gaishe ka, ƙafar tasa ma da sauƙi sosai. Na zaɓi in rubuto maka maimakon in kira ka, domin a waya kana da dabarar sa ni dariya har in manta da abin da ya sa na kira, maganar nan kuwa ba na so ta bi iska.

Ranar Asabar Auta ta miƙo mini wayarta tana murna, wai in zo in ga Yaya ya zama gwani a Amurka. Na gan ka zaune a wani gidan abinci, an ajiye maka faranti mai faɗin faifai, da tulin nama da burodi da cuku wanda tsayinsa ya kusa taɓa haɓarka, ga soyayyen dankali zube a gefe, ga agogo yana ƙirga, ga abokanka a tsaye suna ihu suna buga tebur. Su farantin suke kallo, ni kuwa fuskarka nake kallo. Na ga lokacin da ka daina tauna ka koma tsoma burodin a kofin ruwa kana haɗiya da ƙyar, kana miƙa wuya kamar mai haɗiyar magani. Na ga gumi ya keto maka a goshi, idanunka sun kaɗa, ka miƙe tsaye kana girgiza jiki don abincin ya sauka, sannan ka toshe bakinka da bayan hannu ka runtse ido. Shekara 31 na yi ina aikin jinya, na san abin da mutum yake dannewa idan ya yi haka. Da ka gama aka ba ka riga, aka ɗauki hotonka za a liƙa a bango, kai kuma ka yi murmushin da ni na san na dole ne. Auta ta ce wannan shi ne karo na huɗu, kuma a hutun Disamba kuna shirin zuwa garin Amarillo.

Na sa ta nemo mini labarin wurin. Gidan abincin Big Texan ne, wanda tun shekarun 1960 yake da wannan ciniki: tsokar naman sa mai nauyin oza 72, wato kilo biyu da ɗan ɗoriya, tare da gasasshen dankalin Turawa da jatan lande da salak da burodi, a cinye duka cikin awa ɗaya. Mutum zai biya dala 72 tun kafin ya zauna, in ya gama a mayar masa da kuɗinsa, in ya kasa ko ya yi amai shi ke nan. Teburin ma a kan dandamali yake, inda kowa zai gan shi, da agogo a sama da bokiti a ƙasa. Ka tsaya ka dubi bokitin nan da kyau, Babana, domin masu gidan sun fi ka sanin yadda zaman yake ƙarewa ga mafi yawan masu gwadawa. Ban ce sun yaudari kowa ba, sharuɗɗansu a fili suke, kuma su 'yan kasuwa ne da suka gano cewa mutum ɗaya a kan dandamali yana jawo musu masu kallo cike da ɗaki, kowanne kuma zai sayi nasa abincin. Naman da kake ganin garaɓasa ce, kuɗin talla ne, cikinka kuma shi ne allon tallar.

Bari in gaya maka abin da na sani a kan ciki. Tumbin baligi yana ɗaukar kamar lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba tare da wahala ba. Idan ya fara cika, bangonsa yakan miƙe, jijiya ta kai saƙo ƙwaƙwalwa cewa ya isa, wannan saƙon shi muke kira ƙoshi. Duk horon da masu wannan gasa suke yi, na ɗura ruwa da cika ciki da kabeji da sauran ganyaye, manufarsa guda ce, a saba wa tumbi da miƙewa har ya daina kai ƙara. A shekarar 2007 likitoci a Jami'ar Pennsylvania sun ɗauki hoton cikin mutum biyu suna cin naman nan da ake sawa a tsakiyar burodi, wanda suke kira hot dog. Na farko, wanda ba ya gasa, ya ci bakwai ya ce ba zai iya ƙarawa ba. Na biyu, ɗan gasa, ya ci 36 cikin minti goma, kuma likitocin ne suka tsayar da shi, don sun ga tumbinsa ya zama wata ƙatuwar jaka saɓa-saɓa da ta mamaye saman cikinsa, ba ta ko motsin niƙa abincin. Tsoron da suka bayyana shi ne wata rana irin wannan tumbin ya ƙi komawa yadda yake, ya daina tura abinci zuwa hanji, mutum ya zauna cikin tashin zuciya da amai har ta kai ga tiyata. Danko ma in aka yi ta jan sa, akwai ranar da yake sakewa.

Na san za ka ce mini ai manyan 'yan wasan suna nan garau, wasunsu ma ba su da ko teɓa. Na karanta labarinsu. Na ga Joey Chestnut, wanda a 2021 ya ci hot dog 76 cikin minti goma a gasar da ake yi kowace ranar 4 ga Yuli a Coney Island da ke New York. Amma wanda ya tsaya mini a rai shi ne Takeru Kobayashi, mutumin Japan da ya zo gasar a 2001 ya ci 50 cikin minti 12, ya ninka abin da aka taɓa ci kafin shi, ya kuma lashe ta sau shida a jere. A 2024 wannan mutumin ya fito ya ce ya daina jin yunwa, yakan wuni bai tuna da abinci ba, kuma saboda haka yake son ajiye gasar. Ka yi tunani a kan wannan. Mutumin da duniya ta san shi da ci, shi ne aka wayi gari ba ya jin marmarin komai. Yunwa da ƙoshi ni'imomi ne da ba a lura da su sai sun tafi, kuma na yi jinyar marasa lafiya da yawa waɗanda babban burinsu a duniya shi ne su ji suna sha'awar loma ɗaya ta tuwo.

Wannan duk illa ce ta shekaru. Akwai wadda ba ta jira. Hanyar abinci da hanyar iska maƙwabtan juna ne a maƙogwaro, ɗan murfi ne kawai yake raba su a duk haɗiya, kuma mai sauri da cikakken baki yana numfashi sama-sama shi ne ya fi kowa kusa da shaƙewa. Wata Babbar Sallah ina bakin aiki da yamma aka shigo mana da wani saurayi da bai wuce sa'anka ba, abokansa sun riƙo shi a tsakiyar babur. Suna zaune ne a kan tabarma suna rige-rigen soyayyen naman layya, ana dariya, sai ya kama wuyansa da hannu biyu. Sun ɗauka wasa yake yi, da suka ga ba wasa ba ne suka ɗura masa ruwa suna bubbuga bayansa. Kafin su iso leɓensa ya yi baƙi. Tsokar da likita ya zaro ba ta fi babban yatsana ba, sabuwar shaddarsa ko karin guga bai baje ba. Ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska fiye da 'yan mintoci, kamar huɗu zuwa shida, daga nan ko an ceto rai ba lallai a ceto mutumin da aka sani ba. Kada ka ce ai can akwai motar asibiti a kusa. A 2017 wata ɗaliba 'yar shekara 20 a jihar Connecticut ta shaƙe a gasar cin fanke da aka shirya don tara kuɗin taimako, ta rasu bayan 'yan kwanaki. A 2019 wani mutum mai shekara 41 ya shaƙe a Fresno ta Kalifoniya a irin wannan gasa da aka yi a filin wasa, a gaban jama'a, ya mutu.

Haka kuma aman da kake dannewa, ko wanda wasu suke jawowa da gangan bayan an tashi, yana iya tsaga bututun abinci, abin da ke ciki ya malale cikin ƙirji. Wani likitan Holan, Herman Boerhaave, shi ya fara bayyana wannan a 1724, a kan wani babban hafsan jiragen ruwa da ya cika cikinsa ya yi yunƙurin amai, har yau kuma ciwon sunan likitan yake ɗauke da shi. Ruwan da Auta ta ce kana ɗurawa da safe don buɗe ciki, shi ma ka daina daga yau. Ruwa mai yawa a lokaci guda yana tsinka gishirin jini, ƙwaƙwalwa ta kumbura, mutum ya fara da ciwon kai ya ƙare da suma.

Ko da a ce jikinka na ƙarfe ne, Babana, da sauran magana. Kai ka san hadisin da kuka haddace a Islamiyya, cewa ɗan Adam bai cika wani mazubi da ya fi cikinsa sharri ba, 'yan lomomin da za su tsayar da bayansa sun ishe shi, in kuwa ba makawa, to kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. A hoton nan na nemi kason numfashin ban gan shi ba. Ka san aya ta 31 a Suratul A'araf, wadda ta halatta ci da sha ta kuma hana wuce iyaka. Maganar yankan naman ban ma taɓo ta ba, wannan ka san hukuncinta ka kuma san wanda za ka tambaya. Ba mu kaɗai muke ganin abin da muni ba, domin ƙasar Sin ta kafa doka a 2021 da ta hana yaɗa hotunan handamar abinci, da tara mai nauyi a kan masu yi.

A gidan da ka tashi, babba yakan tsame hannu ya bar wa ƙanana saura, kuma baƙo ba ya suɗe kwano. Kakanka da ka ci sunansa bai taɓa cin ko gyaɗa a kan hanya ba, yana ganin zubar da girma ne mutane su ga bakinsa yana motsi a kasuwa. Ina yarinya lokacin farin 1973, kuma ina tuna Inna tana auna gero da gwangwani, ta dama kunu tsararo ta raba mana a ludayi, ita kuma ta ce ta riga ta sha a madafa. Sai da na girma na gane ba ta sha komai ba. Kilo biyun nan na nama, a gidan nan sai ya yi mana miyar kwana uku har a aika wa maƙwabta. Ban faɗi haka don in sa ka jin kunyar wadatar da Allah Ya kai ka cikinta ba, ka ci mai kyau ka ƙoshi, haƙƙinka ne. Amma jikan matar nan bai kamata a gan shi yana tura abinci a cikin da ya riga ya ce ya isa, ana ƙirga masa lokaci ana tafi ba.

Na yi ta tunanin abin da ya kai ka. Tun kana ƙarami ba ka son a ce ba za ka iya ba, ko tseren cika randa ne sai ka riga kowa. Na kuma san zaman baƙunta, mutum yana ƙasar da ba a iya faɗin sunansa daidai, rana ɗaya ɗaki guda ya ɗauki sunan nan yana kira da sowa. Wannan yana da daɗi, ban raina shi ba. To amma abokan da suke buga tebur, ba su za su kwana da kai a asibiti ba, kuma kai ka fi ni sanin abin da kwana ɗaya a asibitin Amurka yake ci. Zuciyar gasar da Allah Ya ba ka tana da wuraren zuwa. Ƙwallon da ka bari tun shekarar farko tana nan, gudu yana nan, karatun da ya kai ka can ma gasa ce. In kuma taron kake so, ka tara su a ɗakinka ka dafa musu dafa-duka da hannunka yadda na koya maka, ku ci a faranti ɗaya a natse, za su riƙe sunanka fiye da yadda bangon gidan abinci zai riƙe shi.

Abin da nake nema a wurinka uku ne, kuma a matsayin uwa nake nema. Ka janye daga tafiyar Disamba, in kuwa ka je don rakiya, ka sayi abinci daidai cikinka ka zauna a ƙasa tare da sauran mutane. Ka sa a sauke hotunan nan daga intanet, domin ƙannenka suna kallo, na riga na ji ɗan Baffanka yana cewa zai gwada da Indomie goma. Sannan ka je asibitin makarantarku ka gaya wa likita gaskiyar abin da kake yi, musamman in kana jin ƙwarnafi da dare, ko abinci yana daɗewa bai sauka ba, ko ka lura kana gama cin abincinka na kullum ba ka ji ka ƙoshi ba. Wannan na ƙarshen kada ka ɓoye mini shi.

Ban nuna wa Abbanka hoton ba tukuna, na fi so ya ji daga bakinka. Akwai mai tahowa wajenku a ƙarshen wata, zan ba shi kuka da kuɓewa busasshiya da yajin da kake so, kilishi ne dai ba za a bari ya shiga da shi ba. Ka kira ni ranar Juma'a bayan kun sauko daga masallaci, zan jira ko dare ya yi a nan.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare mini kai.

Mahaifiyarka.