Zuwa ga 'yata a Manchesta, kan kalmar da kika rubuta wa yayarki

Uwata,

Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya. Ummanki da ƙannenki suna gaishe ki.

Yayarki ta nuna mini saƙonki. Kada ki ga laifinta, ni na matsa mata. Kin rubuta "I'm just a bit low." Ita ta ɗauka gajiyar karatu ce, ni kuwa tun ranar ban yi barcin kirki ba.

Turawan Ingila akwai rage magana. Wanda ya ce "not too bad" lafiyarsa lau, wanda ya ce "a bit low" kuwa mai yiwuwa ne ya yi wata yana kuka a ɗaki. To wanne ne naki? "Fed up" gundura ce, mutum ya ƙosa. "Down" da "blue" ɓacin rai ne na kwana biyu. "Dispirited" shi ne sanyin gwiwa, irin na wanda ya faɗi jarrabawa. Tushensa "spirit", wanda asalinsa a Latin numfashi ne. Daga nan aka samu "spirited" da "high spirits", wato kuzari da walwala, irin yadda kike cika tsakar gidan nan da surutu tun kafin ki aje jaka. Wannan yarinyar nake nema a muryarki ban ji ta ba.

"Depression" kuwa ciwo ne, ciwon damuwa. Likitoci suna duba ko abin ya kai mako 2 yana zuwa kusan kullum: abin da ke ba ki nishaɗi ya daina, barci ya rikice, abinci ya fita ranki, karatu ba ya shiga. Tsorona ke nan, ki je gaban likita kunya ta sa ki ce "under the weather", ya ɗauka mura ce ya sallame ki, domin wannan maganar rashin lafiyar jiki take nufi.

Na san halinki, kina ganin shiru shi ne jarumta. Suna da suna ga wannan, "brave face", fuska na murmushi ciki na ƙuna. "Courage" kuwa daga kalmar zuciya ya samo asali, ƙarfin halin tunkarar abin da ake tsoro. Ni na koya miki cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma sirrin mutane nake nufi, ban ce ki haɗiye ciwo ba. Kin ga abin da zurfin ciki ya yi wa gwaggonki. Da dangi suka taru a kan kada ki tafi, ni na tsaya miki, kuma har gobe ban yi nadama ba. Ashe sakayyata ita ce in ji halin da kike ciki a bakin wani? Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai.

To, ya wuce. Allah Ya yi miki albarka.

Idan ba ki yi rajista da likitan unguwa ba, wanda suke kira GP, ki yi a makon nan. Ki faɗa masa tsawon lokacin da abin ya ɗauka, da awa nawa kike barci, ki ambaci "depressed" in shi ne. A Disamba rana na faɗuwa a nan wajenku kafin ƙarfe 4, kuma ƙarancin haske na taɓa wasu mutane sosai, saboda haka ki riƙa fita da tsakar rana ko na rabin awa. Hukumar lafiyarsu ta shawarci masu baƙar fata su riƙa shan bitamin D, maikirogiram 10 kullum. In dare ya yi miki nauyi, 116 123 layin wayar Samaritans ne, ƙungiyar da ke sauraron masu damuwa, kyauta, kowane lokaci. Shawarar lafiya ta gaggawa 111, in rai na cikin haɗari 999. Ki riƙe azkar ɗinki, ki kuma nemi magani, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Ranar Juma'a bayan Isha'i ki kira ni ta bidiyo, ina so in ga idonki. Zan tambaye ki yaya kike, ki amsa mini da Hausa.

Babanki