Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Sanata Barau Jibrin Kan Sashe Na 305

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, atamfa da shadda nake sayarwa, ban taɓa zama ajin lauyoyi ba. Na rubuto maka ne saboda kai ne Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa, kai ke jagorantar kwamitin gyaran kundin tsarin mulki, sannan kai namu ne ɗan Kano.

Daren 18 ga Maris 2025 muna cikin azumi. Mun sha ruwa muna zaune a kan tabarma a ƙofar gida, kofin kunu a hannu, sai wani yaro ya ƙaro muryar wayarsa: Shugaba Tinubu ya sa dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas, ya dakatar da Gwamna Siminalayi Fubara da mataimakiyarsa da majalisar dokokin jihar baki ɗaya har wata shida, ya naɗa tsohon hafsan sojan ruwa Ibok-Ete Ibas ya riƙe jihar. Wani dattijo a cikinmu ya ce ina ruwanmu da rigimar Fatakwal. Na ce masa, Baba, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Washegari na sa ɗana ya buɗo mini sashe na 305 na kundin tsarin mulki, muka bi shi layi-layi. Ya ba shugaban ƙasa ikon ayyana dokar ta-ɓaci idan ana yaƙi, ko doka da oda sun rushe, ko wani bala'i ya auku. Ban ga inda aka ce ya ɗaga gwamnan da jama'a suka zaɓa daga kujerarsa ba. Hanyar tsige gwamna tana sashe na 188, kuma a hannun majalisar jiha take. Na san akwai masana da ke cewa ikon dakatarwa yana ƙunshe cikin ikon ta-ɓacin. To ai wannan saɓanin shi ne ciwon. Obasanjo ya dakatar da Joshua Dariye a Filato a 2004, ya kuma naɗa kantoma a Ekiti a 2006. Jonathan ya sa dokar a Borno da Yobe da Adamawa a 2013, Boko Haram na tsakiyar ɓarna, bai taɓa gwamna ko ɗaya ba. Sashe ɗaya, kowane shugaba da irin karatun da yake yi masa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa a zaurenku ya faru, ranka ya daɗe. Sashen ya ce sai kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan kowace majalisa sun amince, wato sanatoci 73 cikin 109, da wakilai 240 cikin 360. Amma aka amince da dokar ta-ɓacin Ribas ta hanyar ƙuri'ar murya. Ko dila ɗaya aka sauke mini a shago, sai na kwance na ƙirga turmi-turmi kafin na sa hannu a takarda. Ta yaya kunne zai ƙirga mutum 73? Har yau ban san me sanatana ya zaɓa ba, alhali ni na tsaya a layi cikin rana na tura shi.

Mun ga irin wannan a lokacin canjin kuɗi. A Fabrairun 2023 Kotun Ƙoli ta ba da umarnin a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu, amma Shugaba Buhari ya fito ya ce 'yan ɗari biyu kaɗai ya yarda su zagaya. Duk wanda ya leƙa kasuwannin Kano a makonnin nan ya ga masu tumatir suna kallon kwandunansu suna ruɓewa, mai saye na tsaye da kuɗi a asusu babu na hannu. Sai ranar 3 ga Maris kotun ta yanke hukuncin da ya dawo da tsofaffin kuɗin.

Kano ta saba zaɓen abin da take so ko da ya saɓa wa gwamnatin tarayya. PRP ta yi a 1979, ANPP a 2003, NNPP a 2023. Ga rigimar siyasa ba ta ƙarewa a garin nan. Duk ranar da wani shugaba ya so hujja a kanmu, ba zai sha wahalar nema ba, kuma ba lallai ya zama ɗan jam'iyyarka ba.

Roƙona shi ne kwamitinka ya rubuta ƙarara cikin sashe na 305 cewa dokar ta-ɓaci ba ta taɓa kujerar zaɓaɓɓen gwamna ko majalisar jiha. A kuma wajabta kiran suna ɗaya bayan ɗaya wajen amincewa da ita, a buga sunayen kowa ya gani. Gyaran sai ya samu amincewar majalisun jihohi 24, na san jan aiki ne. Idan kwamitinka ya kira zaman jin ra'ayin jama'a kan wannan sashe, zan rufe shago in zo.

Allah Ya yi maka jagora.

Naka,
Wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari, Kano