Kafin a haɗa kuɗin dashen guringuntsin gwiwa, a yi tambaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina horar da yara ƙwallo a Aboabo, nan Kumasi. Kwanakin nan ana yawo da takardar neman taimako a masallatanmu da WhatsApp, za a fitar da wani matashi waje a dasa masa guringuntsin gwiwa, wanda likitoci ke kira meniskus. Jama'a na bayarwa, Allah Ya saka musu. Damuwata ita ce dillalin da ya haɗa tafiyar ya faɗa wa iyayen farashi da ranar tashi, amma bai faɗa musu abin da ke sa aikin nan ya yi kyau ko ya lalace ba.

Guringuntsin nan biyu ne a kowace gwiwa, tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri. Aikinsa aikin gammo ne a kan mai ɗaukar kaya a kasuwar Kejetia: in ya zauna daidai nauyi ya bazu, in ya goce kaya ya danne kai. Tun 1948 wani likita a Ingila, Fairbank, ya nuna gwiwar da aka cire wa shi tana saurin cinyewa. Dashen kuwa a Jamus aka fara shi, a 1984. Daga jikin mamaci ake ɗauko shi. Ga mai shakka, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta halatta dashe daga mamaci a zamanta na Jidda a 1988, muddin akwai izini.

Wurin da aka kafa guringuntsin, nan gizo ke saƙar. Bakunansa biyu, na gaba da na baya, kowanne yana da gurbinsa a kan ƙashin ƙwauri. Wasu likitoci suna dasa shi da ɗan guntun ƙashinsa, wasu su huda ƙashi su ja shi da zare su ɗaure. Ko ta wace hanya aka bi, in baki ɗaya ya kauce wa gurbinsa, ko girman bai yi daidai da gwiwar yaro ba, sai nauyin jiki ya riƙa tura shi waje. Ya wuce milimita 3 a hoton MRI, likitoci sun lissafa shi ya fito. Kuɗi sun tafi, ƙashi na ci gaba da gugar ƙashi.

Don haka iyaye su tambaya: an auna gwiwarsa da hoto kafin a zaɓi guringuntsin? Likitan nan ya saba yin wannan aiki? Ƙafar kuma a miƙe take? Yaron da ake magana na san tafiyarsa tun yana ƙarami, gwame gare shi. Irin wannan ƙafa takan jibge nauyi a gefe guda, kuma sau da yawa sai an gyara ƙashi, ko an gyara jijiyar da ta tsinke, dashe ya ɗore. Wanda gwiwarsa ta riga ta cinye kuwa, aikin ba nasa ba ne.

A kuma gaya musu gaskiya. Dashen yana rage ciwo sosai, kuma kusan 7 cikin 10 suna kai shekara 10 suna aiki, amma ba alkawarin komawa fili ba ne. Akwai makonni a kan sanduna, akwai watanni na gashi da motsa jiki a hannun ƙwararre. Tsugunno da zaman tahiya suna matse bayan guringuntsin, sai ya yi salla a kan kujera har likita ya ba shi izini. Wa zai duba shi in ya dawo Kumasi? Wannan ma a sa shi cikin lissafi.

Ga iyayen sauran yarana: gwiwa ta kumbura tana maƙalewa, kada a tsaya wurin mai ɗori ana murza ta. Gefen guringuntsin na waje jini na isa gare shi, yagewar wajen takan ɗinku in an je da wuri. Kafin a yarda a yanke, a tambayi likita ko zai ɗinku.

Malam Edita, don Allah ku nemi likitan ƙashi daga asibitin Komfo Anokye ko na Korle Bu ya yi mana bayanin nan da Hausa a shafinku.

Naka,
Mai horar da yara ƙwallo,
Aboabo, Kumasi