A bar zare ɗaya a wayar faiba domin sauraron girgizar ƙasa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Sana'ata haɗa wayar faiba ce, wadda ake binnewa a gefen titi saboda intanet da kiran waya. A cikinta akwai zaren gilashi siriri kamar gashi, haske ne ke bi ta ciki. Abin da nake so masu karatu su sani shi ne, zaren nan yana jin motsin ƙasa.

Ana sa na'ura a bakin wayar tana harba hasken leza. Gilashi ba ya rasa ɗan tabo, saboda haka kaɗan daga hasken yakan dawo baya. Da ƙasa ta motsa, zaren ya ɗan miƙe ko ya takure, sai hasken da ke dawowa ya canza, na'urar kuma ta gane a wace gaɓa abin ya faru. Tun 2016 Jami'ar Stanford ta Amurka ta gwada haka da wayar da ba ta kai kilomita biyar ba a ƙarƙashin harabarta, kuma ta ji girgizar da aka yi a Meziko a Satumban 2017. A 2021 masanan Caltech, wata jami'a a Amurka, da wata dabarar daban, sun nuna cewa wayar Google mai suna Curie, wadda ta ratsa teku daga Los Angeles zuwa Chile, wajen kilomita 10,000, ita ma tana ji.

Wani zai ce ina ruwanmu. Mutanen Kwoi a Jihar Kaduna sun ji ƙasa na rawa a 2016, na Mpape a Abuja sun ji a 2018, hankula suka tashi. Cibiyar da ke sa ido kan wannan tana Toro a Jihar Bauchi, kuma tashoshin awo 'yan kaɗan ne a ƙasa mai faɗin tamu.

Wayar ba ta faɗin ranar da girgiza za ta zo, wannan sai Allah. Amma tana nuna inda ƙasa ke motsi da ƙarfinsa, shi kuwa mai gina dam ko bene yana bukatar sanin haka.

Gwamnatin tarayya na shirin shimfiɗa faiba kilomita 90,000. Duk wayar da muke binnewa akwai zaruruwan da ake bari na ko-ta-kwana, ba komai ke bi ta cikinsu. Ina roƙon Ma'aikatar Sadarwa ta sa sharaɗi a kwangilar, a ware zare ɗaya ga masanan Toro da jami'o'inmu, a fara da layin Abuja zuwa Kaduna.

Naku,
Wani mai aikin faiba, Kaduna