Sanarwa kan neman kwangilar gwamnati a Maradi

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Idan ma'aikatar magajin gari ta fitar da kwangilar teburan makaranta, ko sayen gero da wake na ɗalibai, don Allah mu nema. In kafintan Maradi ya samu, yaran shagonsa sun samu, haka mai walda da mai katako, kuɗin kuma a cikin gari zai kwana.

Takardu ne suka fi kayar da mu. A tanadi lambar NIF (lambar mai biyan haraji), rajistar RCCM (rajistar kasuwanci), shaidar biyan haraji da ta CNSS (asusun inshorar ma'aikata). Biyun ƙarshe suna da wa'adi, wadda ta mutu kuwa tana iya sa a ture takardunku gefe komi sauƙin farashinku. A duba kwanan watansu tun saura mako biyu a rufe karɓar takardu. Ambulan ɗin takardun kuma ya shiga kafin lokacin da aka rubuta, na latti ba a karɓa.

In aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ku haɗu biyu ko uku da yarjejeniya a rubuce. A lissafa jinkirin biya cikin farashi, domin wanda ya karya kuɗi ɗanyen katako zai sa, tebur ya tsage da hunturu, a hana shi aiki na gaba.