Mukullin laburare yana aljihun wa?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ya aiki ya jama'a, da fatan kana lafiya. Don Allah ka ɗan ba ni fili a jaridar nan tamu in faɗi wani abu da ya daɗe yana ci mun tuwo a ƙwarya, maganar laburare na makarantun gwamnati. Ni dai ba malami ba ne, tela ne, kekena yana wajen kasuwar Wunti a nan Bauchi, amma yarana huɗu suna makaranta kuma shekara uku kenan ana saka ni a kwamitin iyaye da malamai, to abun da zan faɗa da idona na gani ba labari aka ba ni ba.

Makarantar da 'yata ta biyu take ƙaramar sakandare ce, ba sai na kira suna ba. Akwai wani ɗaki can ƙarshen baranda an rubuta laburare da fenti a saman ƙofa, harafi ɗaya ma ya goge. Tun daga ranar da yayarta ta shiga makarantar nan har ta gama ban taɓa ganin ƙofar a buɗe ba, wani ƙaton kwaɗo ne a jiki har ya yi tsatsa. Da na tambaya a wajen taro sai aka ce mun ai littattafan a ƙirge suke, in masu duba makarantu suka zo suka tarar ɗaya ya ɓata shugaban makaranta ne zai amsa tambaya, shi ya sa aka ga gara a kulle. To ai kuwa gara ta samu. Ranar da aka buɗe ɗakin ina wajen, kwalaye uku na ƙasa in ka ɗaga littafi bango ne kawai zai biyo hannunka, cikin duk ya zama ƙasa, ga kashin ɓera ga wari, wasu littattafan kuma wallahi ko ledarsu ba a cire ba tunda aka kawo su.

Wata malamar Hausa ce da aka kawo bara ta nace sai an ba ta mukullin, ta yi ta sintiri ofis har aka gaji aka ce ta sa hannu duk abun da ya ɓata ita ce, ta ce ta ji ta gani. Mu iyaye muka zo wata Asabar da tsintsiya, wani kafinta a cikinmu ya gyara kantocin da suka karye, ni kuma na kwaso ƙyallayen da suka rage a shago na ɗinka wa littattafan da bangonsu ya mutu riga, yanzu in ka shiga za ka ga littafin lissafi sanye da atamfa wani kuma da shadda, yara har suna cewa a ba ni mai shaddar nan.

Dabararta ba wata mai tsada ba ce. Littafin rubutu ta samu ta ja layi, suna, aji, ranar karɓa, ranar dawowa. Alhamis a ara, Litinin a dawo da shi, shikenan. Sai kuma abun da ya fi burge ni, in ta shiga aji takan ɗauko littafin labari ta fara karanta musu da murya, tana canza murya in sarki ne in tsohuwa ce, sai labari ya kai daidai inda ya yi daɗi ta rufe ta ce wanda yake son ƙarshen yana kanta ta biyu. Ana fita tara sai ka ga layi a ƙofar ɗakin, yaran da a da wajen mai awara suke rugawa.

Tawa 'yar da kyar take haɗa jimla a da, kullum sakamako sai an rubuta mata ta ƙara ƙoƙari. Wata Alhamis ta dawo da littafi, da daddare an ɗauke wuta ta ari wayata ta kunna tocila ta zauna kusa da kakarta a tabarma tana karanta mata. Ta zo wani waje da aka ce mutanen sun shiga gari, sai ta ja shi kamar garin tuwo, Hajiya da ba ta taɓa shiga aji ba ta fashe da dariya ta ce ke 'yar nan a buhu suka shiga? Ta sake karantawa ta gyara. Rubutun bokon Hausa ai ba ya nuna inda za ka ja da inda za ka ɗaga murya, sai ka fahimci zancen sannan ka faɗe shi daidai, kuma wannan babu malamin da zai koya maka shi a allo in ba kai ne kake karantawa da yawa ba. Tun daga ranar kullum bayan isha'i Hajiya sai ta ce ina mai karatun, cajin wayata kuwa ya shiga uku.

Ranar Litinin ɗin ne aka samu matsala, ƙaninta ya taɓa littafin da hannun manja, shafi biyu suka yi ja. Yarinya ta ce ita ba za ta makaranta ba za a dake ta. Na raka ta da kaina har na tanadi kuɗin biya a aljihu. Malama ta duba ta ce rubutun yana karantuwa ai, ta tambaye ta yadda labarin ya ƙare, da ta faɗa sai ta miƙa mata wani ta ce a gaya wa ƙanin ya dinga wanke hannu. Eh an rasa wasu littattafan a zangon nan, ba su kai goma ba, wasu sun yage. Ka haɗa da kwali ukun da gara ta ci a cikin kulle ka gaya mun wanne ne asara.

Abun yana mun ciwo ne saboda nan fa Bauchi ce. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa kafin ya zama Firayim Minista malamin makaranta ne a midil ta Bauchi, kuma yana malamin ya rubuta Shaihu Umar da aka buga a 1934. Malam Aminu Kano ya koyar a garin nan, Malam Sa'adu Zungur ɗan garin nan ne. Kullum ana cika mota da yara a kai su ziyara kabarin Tafawa Ɓalewa su yi hoto su sha yogot su dawo, ka tsayar da goma a cikinsu ka tambaya ko sun san ya rubuta littafi ka ji abun da za su ce.

Masu cewa yaran yanzu ba sa son karatu kuma su leƙa wayar 'yan matan gidansu. Karatu suke har ƙarfe ɗayan dare, nobel ne ake turowa a guruf na WhatsApp shafi-shafi, wani har sai ka tura kuɗi a saka ka, kuma babu wanda ya tace abun da ke ciki. Wasu iyayen a taronmu sun tada jijiyar wuya wai kar a saka littattafan hikaya na Hausa a laburare za su lalata yara, a bar na darasi kawai. Ni kam na ce gara wanda malama ta karanta ta zaɓa ta ajiye a kantar laburare kowa yana gani. Yaro ba ya fara son karatu da littafin kimiyya, da labari yake farawa, kuma da harshen da yake mafarki da shi, in ya saba sai ya tsallaka na Turanci da kanshi. Ga JAMB nan tana jiran su, duk shekara da littafin labarin da take sakawa a jarrabawar Turanci, a kwamfuta kuma ake yi agogo yana tafiya, wanda bai saba dogon karatu ba kafin ya gama shafi ɗaya lokaci ya tafi.

Roƙona ga hukumomin ilimi na jiha, dokar UBE ta 2004 ta ce ilimin shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, to a saka lokacin laburare a jadawalin darasi ko sau ɗaya a sati, kuma in an zo duba makaranta a daina tsayawa a ƙirga littafi kawai, a ce a kawo rajistar aro a ga yara nawa suka ɗauka. In shugaban makaranta ya san wannan za a tambaye shi da kanshi zai nemo mukulli.

Namu dai yanzu yana jakar malama, kuma ana ta raɗe-raɗin za a mata canjin wajen aiki bayan hutu. A taro mai zuwa zan kawo shawara a yanka na biyu a ba shugabar ɗalibai, kuɗin yankan ni zan biya.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wani uba mai ɗinki,
Nassarawa Jahun, Bauchi.